Darasi Domin Ƙungiyoyin Gama Kai: Shirya Ɗinki Kafin a Kai Shi Ma'aikata



Idan an gama kaka, an sayar da amfanin gona, kuɗi ya ɗan taru a asusun ƙungiya, akan fara shawarar abin da za a yi da shi kafin damina ta komo. Ɗaya daga cikin shawarwarin da sukan taso ita ce ta ɗinki. Wani ya ce a ɗinka tufafin 'yan makaranta da yawa, a sayar wa iyaye da sauƙi. Wata ta ce rigunan Zumuntar Mata. Masu noman auduga kuwa su ce jakar tsinka ta yadi, tun da yake zaren buhun roba yana shiga auduga ya karya mata daraja a wurin masu saye. Dukansu shawarwari ne masu kyau. Amma in adadin ya kai ɗaruruwa, tela ɗaya da kekensa ba zai gama a kan kari ba. Sai a fara zancen kai aikin ma'aikatar ɗinki a birni.

To, nan ne ya kamata mu natsu, gama kuɗin da za a kashe gumin gidaje ne masu yawa. Abin da muke so mu koya a wannan darasi shi ne: ma'aikata ba ta san abin da ke cikin zuciyarmu ba. Abin da muka rubuta mata a takarda, da samfurin da muka damƙa mata, su za ta bi. In tela ya yi kuskure, riga ɗaya ce ta ɓaci. In kuskure ya shiga ma'aikata, riga ɗaruruwa ne za su ɓaci a yini ɗaya. Saboda haka yawancin aikin namu ne, kuma tun a gida za mu yi shi. Domin bayani ya fito sosai, za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe, watau taguwar makaranta ta yara maza, mai gajeren hannu, guda 600.

1. Yadda ma'aikata take aiki

Da fari mu rarrabe tsakanin masaƙa da ma'aikatar ɗinki. Masaƙa ita ce mai mai da auduga zare, ta mai da zare yadi. Irinta ce aka buɗe a Kaduna a 1957, wadda aka sani da KTL, ta kuwa daina aiki a 2002. Ma'aikatar ɗinki ba ta saƙa kome. Yadi ake kawo mata, ta yanka, ta ɗinka.

Tela yakan auna mutum, ya yanka riga ɗaya, ya ɗinke ta shi kaɗai. A ma'aikata ba haka ba ne. Akwai dogon tebur inda ake shimfiɗa yadi, wani bisa wani, sau 30, ko 50, ko fiye. Sai a zana siffar gaba da baya da hannu da kwala a kan na sama, a kawo wuƙar lantarki ta yanke su duka gaba ɗaya. Daga nan a ɗaure yankakkun ƙyallaye dami dami, a rarraba wa masu ɗinki. Wannan kwala kaɗai yake haɗawa daga safe har yamma, wancan aljihu, waccan kuma hannu. Akwai keke dabam na ɗaure bakin yadi don kada ya zare, wanda teloli suke kira wibin, akwai na huda ramin maɓalli. Keken ma'aikata yana iya yin sawun allura wajen 5,000 a minti ɗaya.

Mu lura da abu biyu. Mai haɗa kwala bai taɓa ganin yaron da zai sa rigar ba, ba kuwa zai tsaya ya tambaye mu ba. Na biyu, yanka kamar shuka yake. In iri ya shiga ƙasa ba a tono shi a sāke, haka nan in wuƙa ta bi yadi, magana ta ƙare.

Saboda wannan tsari ne kowace ma'aikata take da adadin da ba ta karɓar aiki ƙasa da shi. In abin da muke bukata riga 40 ne ko 60, gara mu ba telolinmu na gida, su ma su sami abinci. Duk abin da za mu koya a nan zai yi amfani a wurinsu.

2. Wa zai saya?

Ba a fara da yadi. Da mai saye ake farawa. Kafin a taɓa ko kwabo, sai ƙungiya ta naɗa mutum 3 ko 4, a ciki lalle a sami tela, da mace mai 'ya'ya a makaranta, da wanda ya iya lissafi. Su je wurin shugabannin makarantu su tambayi yawan yara, da launin da makaranta ta tsayar, da ko za a yarda iyaye su saya a wurinmu. In za a sa tambarin makaranta a aljihu, tilas a sami izini a rubuce. Su kuma zauna da iyaye mata su ji inda tufafin da suke saye yanzu yake fara mutuwa. Su ne masu wanki, su suka san ko hammata ce take fara ɓarkewa, ko maɓalli ne yake zubewa, ko launi ne yake koɗewa. Abin da suka faɗa shi za mu gyara a tamu rigar, shi ne kuma dalilin da zai sa a bar ta kasuwa a sayi tamu.

A tambayi farashin kasuwa, har da na gwanjo, a rubuta. A rubuta sunan kowane mai cewa zai saya, da yawan da yake so. In zai yiwu ya ba da ɗan wani abu tun yanzu, ya fi kyau, gama "zan saya" a baki ba ta biyan kuɗin yadi.

Wata shawara kuma: mu fara da abu ɗaya, launi ɗaya. Kada a haɗa taguwa da wando da buje da jaka a karo na fari. Jakar tsinkar auduga ta fi dukansu sauƙi, tun da yake girma ɗaya ya isa kowa. Ƙungiyar da ba ta taɓa wannan harka ba tana iya koyo da ita.

3. Awo

Ma'aikata ba za ta auna yara 600 ɗaya ɗaya ba. Za ta ɗinka girma iri 3 ko 4, kowane yaro ya ɗauki wanda ya yi masa. Mu ne za mu faɗa mata girman. Kada mu yarda da awon da aka kwaso daga wata ƙasa, gama jikin yaranmu shi ne ma'auni.

A ɗauki tef a je makaranta, a auna yara kamar 10 daga kowane aji, manya da ƙanana, ba tare da zaɓe ba. A auna kewayen ƙirji, da faɗin kafaɗa, da kewayen wuya, da tsawo daga kafaɗa zuwa inda rigar za ta tsaya, da tsawon hannu. Mutum ɗaya ya yi awon duka, domin hannu ya bambanta: wani yakan matse tef, wani ya sake. A tsaya a kan ma'auni ɗaya. In inci ne, inci har ƙarshe. Inci 1 santimita 2.54 ne, yadi 1 kuwa inci 36 ne, bai kai mita ba. Wanda ya cuɗa su ya jawo wa ƙungiya hasara.

Awon jiki dabam, awon riga dabam. Yaron da ƙirjinsa inci 26 ne ba zai iya numfashi cikin riga mai inci 26 ba. Sai a ƙara masa kamar inci 4 na walawa. Ga misalin yadda jadawali zai fito:

Lamba 1: ƙirjin riga inci 28, tsawo inci 19, guda 100.
Lamba 2: ƙirjin riga inci 30, tsawo inci 20½, guda 200.
Lamba 3: ƙirjin riga inci 32, tsawo inci 22, guda 200.
Lamba 4: ƙirjin riga inci 34, tsawo inci 23½, guda 100.

Wannan misali ne kawai, naku awon shi zai ba ku naku jadawalin. Amma ku lura, na tsakiya sun fi yawa. In aka raba daidai wa daida, na tsakiya za su ƙare da wuri, manya da ƙanana su yi kwantai.

Har wa yau mu rubuta iyakar kuskuren da za mu yafe, gama babu hannun da yake ɗinki daidai da layi kullum. Muna iya cewa rabin inci a ƙirji da tsawo, kwatan inci a kwala. Abin da ya wuce haka, aibi ne.

4. Yadi

Kuɗin yadi ya fi kowane kuɗi yawa a cikin riga, saboda haka a nan za mu fi daɗewa. A manyan kasuwanni irin Kantin Kwari ta Kano akwai yadi iri iri, da yawansa daga ƙasashen waje, musamman Sin. Sunan da ɗan kasuwa ya kira yadi da shi ba shaida ba ce. A sayi yadi 2 ko 3 tukuna, a kawo gida a gwada, kamar yadda muke gwada tsirar iri kafin shuka.

Gwajin wuta. A yanki ɗan ƙyalle a kusantar da shi ga ashana. Auduga zalla takan ci da wuta kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Foliyesta kuwa narkewa take yi, ta dunƙule ta yi tauri kamar roba. Yadin makaranta da yawa gauraye ne, kashi 65 foliyesta, kashi 35 auduga. Irin wannan yana da ƙarko, yana bushewa da sauri, amma ya fi auduga riƙe zafi, kuma dutsen guga na gawayi in ya yi zafi ƙwarai yana ƙona shi. Sai ƙungiya ta zaɓa da saninta.

Gwajin wanki. A zana murabba'i a kan yadin, inci 20 kowane gefe, da tawadar da ba ta fita. A wanke shi yadda ake wanki a gidajenmu, da sabulun da muke amfani da shi, a shanya a rana, a yi haka sau 3. Sa'an nan a sāke aunawa. In inci 20 ya koma 19, watau yadin yana ƙanƙancewa kashi 5 cikin 100. A kan riga mai tsawon inci 22, an rasa fiye da inci ɗaya ke nan. Ko dai a sāke yadi, ko a gaya wa mai yanka ya ƙara wannan a awonsa.

Gwajin launi. A jiƙa yadin tare da farin ƙyalle a kwano ɗaya, a bar su su kwana. A kuma goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kansa da ƙarfi. In farin ya ɗauki launi, yadin yana zuba. A ajiye wani yanki a rana mako 2, a kwatanta shi da wanda aka ɓoye a ɗaki, a ga ko ya koɗe.

A auna faɗin yadin da tef. Akwai mai inci 45, akwai mai inci 60. Mai faɗi yakan fi tsada, amma riga ba ta cinsa da yawa, saboda haka sai an yi lissafi kafin a ce wannan ya fi araha. Idan an tsai da shawara, a sayi dukan yadin lokaci ɗaya, daga rini ɗaya. Shuɗin wannan wata da shuɗin watan gobe ba lalle su zo ɗaya ba, ko da sunansu ɗaya ne. In aka cuɗa su, sai a ga riga jikinta dabam, hannunta dabam.

5. Kwalin yanka da samfur

Tela yakan zana da alli a kan yadi kai tsaye. Ma'aikata tana bukatar a yanka siffar kowane ɓangare na riga a kan kwali mai kauri: gaba, baya, hannu, kwala, aljihu. Wannan shi muke kira kwalin yanka. Kowace lamba da nata. A kan kowane kwali a rubuta sunan ɓangaren, da lambarsa, da guda nawa za a yanka, a kuma ja kibiya mai nuna inda tsawon yadi zai bi. In aka yanka a karkace domin tsimin yadi, riga takan murɗe bayan wanki. A bar wurin ɗinki kewaye da gefe, kamar rabin inci, da wurin kalmasa a ƙasa. Gwanin tela yana iya yin wannan, ma'aikata ma takan yi a biya ta. In ita ta yi, a rubuta tun farko cewa kwalin na ƙungiya ne, domin in mun so sāke ma'aikata baɗi, mu tafi da abinmu.

Da wannan kwali za a ɗinka samfur na fari, da ainihin yadin da muka zaɓa. Kada a rataye shi a ofis ana yabo. A ba yaro ya sa mako guda. Ya ɗaga hannu, ya sunkuya, ya yi gudu, uwarsa ta wanke. Sa'an nan a zauna a duba. Kai yana shiga? Hammata tana matsewa? Aljihu ya fara ɓallewa? A rubuta gyara, a gyara kwalin, a sāke ɗinka wani. Sau 2 ko 3 ba ɓarna ba ce. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Idan ta lamba 2 ta yi daidai, a ɗinka guda ɗaya ɗaya daga sauran lambobi, a gwada su ma. A ƙarshe ma'aikatar da za ta yi aikin ta ɗinka samfur 2 da kekunanta da mutanenta. In mun yarda da su, shugabanmu da nasu su sa hannu a jikin kowanne da tawada, da kwanan wata. Ɗaya ya zauna wurinsu, ɗaya wurinmu. Ranar gardama, wannan riga ita ce alƙali.

6. Takardar bayani

Yanzu sai a tattara kome a takarda. Mu ɗauka wanda zai karanta ta baƙo ne, bai san mu ba, ba shi kuwa da hanyar tambayarmu. Abin da ba mu rubuta ba, zai yi shi yadda ya fi masa sauƙi. Ga abin da za ta ƙunsa:

(a) Zanen rigar, gaba da baya, da hoton samfur.
(b) Jadawalin awo na kowace lamba, da iyakar kuskure, da yawan kowace lamba.
(c) Sunan yadi da faɗinsa, a maƙala yankinsa a jikin takardar. Kalmar "shuɗi" kaɗai ba ta isa ba, gama shuɗi iri nawa ne?
(d) Irin zare da launinsa. Girman maɓalli, da yawansa, da tazarar da ke tsakani. A ɗinke maɓalli ɗaya a takardar, a kuma roƙi a sa na ajiya ɗaya a cikin kowace riga.
(e) Irin ɗinki: sawun allura 10 zuwa 12 a kowane inci, a ɗaure bakin yadi ta ciki duka, a ninka ɗinki a bakin aljihu da duk inda ake ja.
(f) Wurin aljihu: inci nawa daga kafaɗa, inci nawa daga tsakiya.
(g) Ɗan ƙyallen wuya mai sunan ƙungiya da lambar riga.
(h) Yadda za a goge, a naɗe, a ɗaure dozin dozin, kowace lamba a katan nata.

In ma'aikatar tana wurin da ba a jin Hausa, a sami wanda zai juya takardar zuwa Turanci, a karanta wa kwamiti su tabbatar ba a bar kome ba. Duk gyaran da aka yi daga baya, a rubuta shi da kwanan wata, a janye tsohuwar takardar. In an aika hoto ko saƙo ta waya, a ajiye shi.

7. Lissafi

Bari mu ɗauka kowace riga tana cin yadi 1¼ na mai faɗin inci 45. Riga 600 za su ci yadi 750. A ƙara kashi 5 cikin 100 saboda huji da tabo da bakin bandir, ya zama yadi 788. Ku dubi wani abu: in mai yanka ya jera kwalinsa da dabara, ya tsimi inci 2 kacal a kowace riga, inci 1,200 ke nan, watau fiye da yadi 33. Saboda haka mu roƙa a nuna mana yadda aka jera kwalin kafin a yanka.

Farashi yana sākewa kullum, saboda haka kuɗin da za mu ambata na koyon lissafi ne kawai, ku sa na kasuwarku a madadinsu. A ce yadi ɗaya naira 2,000 ne. Yadin riga ɗaya 2,500 ke nan. Zare da maɓalli da ƙyallen wuya da leda, 300. Ladan ɗinki, 1,000. Kuɗin mota da dako, 200. Jimla 4,000.

Akwai kuma kuɗin da ake kashewa sau ɗaya, ko riga nawa za a yi: kwalin yanka, da samfur, da yadin gwaji, da tafiye-tafiyen kwamiti. A ce sun kama 120,000. In aka raba wa riga 600, kowace ta ɗauki 200, ta koma 4,200. A ƙara kashi 5 cikin 100 domin ɓarnar yadi da rigunan da za su fito da aibi, watau 210. Riga ɗaya ta tsaya mana 4,410, dukan aikin kuwa 2,646,000. Amma da riga 100 ne kaɗai, da kowace ta ɗauki 1,200 daga wancan kuɗi, ta tsaya 5,460. Kun ga dalilin da ya sa ƙaramin aiki bai dace da ma'aikata ba.

Yanzu a kwatanta da farashin kasuwa. In ana sayar da irinta 4,500, ribarmu naira 90 ce a kan kowace riga, kuma katan ɗaya da ya yi kwantai zai cinye ta duka. A irin wannan hali, sai a nemi yadi mai sauƙi, ko a haɗa kai da wata ƙungiya a ƙara yawa, ko a fasa. Ƙungiyar da ta yi lissafi ta fasa, ta tsira da kuɗinta. Kada kuma a taɓa kuɗin taki da na iri domin wannan aiki.

8. Zaɓen ma'aikata da yarjejeniya

Akwai masu ɗinki da yawa irin wannan a manyan garuruwanmu na arewa. A kudu kuma garin Aba na Jihar Abiya ya yi suna a kan ɗinkin tufafi da takalma. Amma wadda ta fi kusa ta fi sauƙin dubawa, kuɗin mota ma ya ragu. A nemi farashi a wuri 3, a nuna musu takarda ɗaya da samfur ɗaya. A je a gani da ido, gama gani ya kori ji. Kekuna nawa ne suke aiki? In wuta ta ɗauke, da me suke ɗinki? Wane aiki suka gama kwanan nan, wa suka yi wa? A je a tambayi wanda aka yi wa. A bincika ko sunan kamfanin yana da rajista a hukumar rajistar kamfanoni, watau CAC. A tambaya kuma ko su za su yi aikin da kansu, ko za su miƙa wa wani a bayan gida.

Ciniki iri biyu ne. Ko mu kawo yadinmu su yanka su ɗinka, ko su sayi kome su ba mu riga gamamma. Na farkon ya fi wahala, amma mun san yadin da aka sa. In mun zaɓi na biyu, yankin yadin da muka maƙala a takarda shi ne shaidarmu.

Yarjejeniya ta kasance a rubuce, da shaidu daga kowane gefe. A faɗi yawa, da farashi, da ranar gamawa, da abin da za a rage in an yi jinkiri. A faɗi cewa rigar da ta sāɓa wa samfur za a gyara ta ko a sāke ta ba tare da ƙarin kuɗi ba. A faɗi cewa ragowar yadi namu ne. Kafin alƙalami kada ya wuce rabi, sauran kuma sai an duba kaya an karɓa. Kuɗi ya fita daga asusun ƙungiya zuwa asusun kamfani, a karɓi rasit, ma'aji ya ajiye.

9. Dubawa da lokaci

Ranar da za a yanka, telanmu ya kasance a wurin. Ya kuma tsaya har riga 10 na fari su fito, ya auna su da jadawali. Kuskuren da aka kama a riga ta 10 ana gyarawa, wanda aka kama a ta 600 kuwa sai haƙuri. Idan an gama, kada a duba na saman katan kaɗai. A buɗe katan dabam dabam, a zaro daga tsakiya da ƙasa, kamar yadda mai sayen hatsi yake soka buhu. A juya riga ciki waje, a ja ɗinki da hannu biyu, a ja maɓalli, a auna, a ƙirga. In cikin 50 an sami fiye da 3 masu aibi, a ce su sāke tantance kayan duka kafin a biya.

Game da lokaci, makarantu suna buɗe sabuwar shekara a watan Satumba, lokacin da muke tsakiyar aikin gona. Gab da Salla da Kirsimati kuma masu ɗinki ba su da sukuni. Saboda haka tambaya da awo a yi su a Janairu, gwajin yadi da samfur a Fabrairu da Maris, a sa hannu a yarjejeniya kafin ruwan shuka, kaya su iso a Yuli. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane ɗinki ne mutanen yankinmu suke saye kowace shekara, wanda ake kawowa daga nesa?
2. Yawan da za mu iya sayarwa ya isa a kai ma'aikata, ko telolinmu za su iya, in muka ba su kwali ɗaya da takarda ɗaya?
3. In rabin kayan ya yi wata 6 ba a saya ba, ƙungiyarmu za ta iya sayen taki?
4. Su wa za mu naɗa a kwamiti, wa kuma zai riƙe samfur da takardu?

Aikin da za a yi kafin taro na gaba: kowace ƙungiya ta sayi yadi 1 na irin da take tunani, ta yi gwajin wuta da na wanki da na launi, magatakarda ya rubuta abin da aka gani, a kawo ƙyallen taro kowa ya taɓa da hannunsa.